Baƙon da ke Maƙogwaron Baba

Babana mai gyaran fanka ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a shago ɗaya, wani ɗan tsukin ɗaki tsakanin mai sayar da fenti da mai wankin hoto. In za ka shiga sai ka sunkuyar da kai, don fankokin mutane ne rataye ta ko'ina. Waɗansu masu su sun manta da su, waɗansu masu su ma sun riga mu gidan gaskiya, amma shi ba ya yar da ko ɗaya. Kowace da 'yar takarda ɗaure a wuyanta, ya rubuta ranar da aka kawo ta da abin da ke damunta, da rubutun nan nasa da sai shi kaɗai yake iya karantawa.

Mutum ne ɗan firit, ga saurin dariya, ga wata siririyar murya wadda in ya ɗauki waya sai a ce masa, "Hajiya, ba mu maigidan." Yayana bai daina tsokanarsa da wannan ba har shi Yayan ya yi gemu. Ni kuwa Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, wadda ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Bai taɓa dukana ba, bai taɓa daka min tsawa ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya nema min uzuri, ba ni da shi. Shekara talatin na yi ina tsoron bawan Allahn nan, kuma ya sani.

Ina 'yar shekara shida aka kira shi gidan rediyo. Fankar ɗakin da suke ɗaukar murya ce ta fara kuka, kukan yana shiga cikin shirinsu. Ya kafa tsaninsa ya hau, sai aka ce ya dakata su gama gwajin wani sabon wasan kwaikwayo. Ya zauna a kan tsanin yana saurare. A wasan akwai wani mugun miji, kuma wanda aka ba wa matsayin wani ƙato ne da ke ta zabga ihu yana dukan tebur. Baba ba ya iya riƙe magana a cikinsa, sai ya ce daga can sama, "Ai ba haka mugu yake magana ba."

Mai shirya wasan ya ɗago kai a fusace ya ce, "To, malamin fanka, sauko ka koya mana aikinmu."

Da gatse ya faɗa, amma Baba bai san gatse ba. Ya sauko da sukudireba a hannunsa, ya ce a karanta masa maganar sau ɗaya, sannan ya maimaita ta. Matar da ke fitowa a matsayin matar mugun ta gaya wa Mama daga baya cewa sai da tsigar jikinta ta tashi. Muryar da ta fito daga bakin ɗan firit ɗin nan ba ta yi kama da tasa ba ko kaɗan. Ƙasa-ƙasa take, a shaƙe, a hankali, ba gaggawa, ba ihu. A ranar aka sallami ƙaton, Baba kuma ya dawo gida da takardu a aljihu, ya ma manta bai gyara fankar ba.

Mai Makullai ake kiran mutumin a wasan. Komai na gidansa a kulle yake: ɗakin abinci, kabad, akwatin kayan matarsa, ƙofar waje. Makullan suna ɗaure a ƙugunsa. Ba ya duka, ba ya zagi. In zai yi magana sai ya ajiye makullan a kan tebur tukuna, ka ji ƙararsu, sannan ya ce wa matar, "Zauna. Ban ce ki tashi ba." Kowace Laraba da yamma ake sa wasan, kuma shekara uku unguwarmu ba ta da wata hira ranar Alhamis sai ta abin da Mai Makullai ya yi jiya.

Matsalar ita ce Baba bai yi nisa a makaranta ba. Yana karatu, amma da ƙyar, yana bin kalma da yatsa. Sauran 'yan wasan suna riƙe takarda su karanta a gaban makirfo, shi kuwa dole ya haddace nasa kaf kafin ya je. Mama ce ke taimaka masa, don ita ta taɓa koyarwa kafin ta yi aure. Litinin da Talata, in ya rufe shago da la'asar, sai su shige ɗaki su turo ƙofa. Ita ta karanta maganar matar, shi ya ba da amsar Mai Makullai, su yi ta maimaitawa har ta zauna masa. Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, kuma bangon da ke tsakani ko tari aka yi sai an ji.

Ga Mama kuma, Allah ya jiƙanta, ta fi kowa a gidan rediyon iya wasa, ba ta dai sani ba ne. In ta karanta roƙon matar nan, da gaske muryarta ke rawa. Wani lokaci ta fito ido jajir tana share hanci da bakin zani, tana dariya tana cewa, "Kai, wannan marubucin ba shi da imani." Ni kuma ina tsugune a falo, na ji uwata tana roƙon a buɗe mata ƙofa ta je ganin mahaifinta ba shi da lafiya, na ji wani mutum ya ce mata a'a da sanyin murya, kuma na san mutum biyu ne kaɗai suka shiga ɗakin.

An gaya min wasa ne, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mama ta nuna min takardun ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, ga shi nan a rubuce, wani ne ya zauna ya ƙaga." Yaya kuwa abin dariya ya mai da shi. Sai ya ɗaura cokula a ƙugu yana kwaikwayo, yana cewa kyanwar maƙwabta ta zauna bai ce ta tashi ba. Na yarda wasa ne. Da za a ba ni jarrabawa a kai da na cinye. Amma da zarar muryar ta ratso bango sai in rakuɓe a lungu in toshe kunnuwana, kuma ba wata takarda da ta taɓa hana hakan.

Da Baba ya lura ina laɓewa bayan Mama in ya fito daga ɗakin, sai ya ce zai yi maganin abin. Ya ɗauke ni a keke ya kai ni gidan rediyon in gani da idona. Ya nuna min makullan, ashe wasu tsofaffin makullai ne masu tsatsa a hannun wani mai tumbi da ke cin gyaɗa yana kaɗa su in an yi masa alama. Ya nuna min matar Mai Makullai, wata mai fara'a da ta ba ni alewa. Har na fara sakin jiki. Sai aka kunna jar fitila, aka yi tsit, na ga Baba ya matsa gaban makirfo. A gida muryar kawai nake ji, a nan kuwa na ga fuskar. Kafaɗunsa suka sauka, bakinsa ya miƙe, idonsa ya mutu, kamar an kashe fitila a ɗaki. Na nemi babana a fuskar nan ban same shi ba. Da muka fito ya tambaye ni, da 'yar muryarsa ta kullum, "To, Uwata, kin ga ba komai ko?" Na ce e.

Mutanen gari ba su san fuskarsa ba, shi ya cece shi. Wasiƙu dai suna zuwa gidan rediyon buhu-buhu, masu tsinuwa da masu ba matar shawara ta gudu. An ce wata tsohuwa ta taɓa zuwa bakin ƙofa da taɓarya tana neman a fito mata da shi. Baba yana ba da labarin nan yana dariya har da hawaye. Amma akwai wadda ta zo shago da bai taɓa ba da labarinta ba, ni ce dai na gani, don ina zaune a kan benci ina aikin makaranta. Ina 'yar shekara tara a lokacin.

Mace ce mai matsakaicin shekaru, ta kawo 'yar fankar tebur. Baba ya jona ta, ta tashi lafiya ƙalau. Ya ce, "Hajiya, ai wannan ba abin da ke damunta."

Ta ce, "Na sani. An ce min kai ne kake yin mutumin nan na ranar Laraba."

Baba ya ce shi ne.

Ta ce, "Malam, don Allah ka san mijina ne?"

Ya ce bai san shi ba.

Ta ce, "To wa ya gaya maka yana ajiye abin da ke hannunsa tukuna kafin ya yi magana? Wa ya gaya maka ba ya ɗaga murya? Shekara goma sha tara ina gaya wa 'yan'uwana, suna ce min mutumin da ko tsawa ba ya yi me zai yi miki. Sai da suka ji ka sannan suka fara yarda."

Ta ɗauki fankarta ta tafi. Baba ya daɗe yana goge hannu da tsumma, alhali ba abin da ya taɓa. A hanyar gida, ina bayan keke, na yi ƙarfin hali na tambaye shi, "Baba, a ina ka samo shi?"

Ya sauka daga keken, muka ci gaba a ƙafa. Ya ce bayan rasuwar uwarsa, wani kawunsa ne ya ɗauke shi, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi a gidan. Ya ce marubucin wasan yaron kirki ne, bai san mugunta ba, shi ya sa ya rubuta mai ihu. "Ni ban ƙaga komai ba, Uwata. Tunawa kawai nake yi." Sai ya taɓa maƙogwaronsa ya yi 'yar dariya ya ce, "Yana nan a nan. Ranar Laraba nake buɗe masa ya sha iska, in mayar da shi in rufe."

Yanzu na san abin da yake nufi. Mutum ne da ya samu hanyar sauke wani kaya da ya daɗe yana ɗauke da shi, yana kuma so 'yarsa ta ga ya fi ƙarfin abin. Amma ni a ranar abu ɗaya na ji: da bakinsa ya ce mutumin yana ciki. Duk abin da Mama ta yi ta gaya min na cewa ƙage ne ya rushe a hanyar nan.

Bayan wata biyu abin ya faru. Ranar Asabar ce da hantsi, ina shago. Akwai wata babbar fanka mai fiffiken ƙarfe da ya cire wa raga yana gwadawa, ya bar ta tana gudu a ƙasa ya juya neman wani abu. Fensirina ya gangara ya tsaya a gindinta. In fanka tana gudu sosai ba a ganin fiffikenta, ni kuma na miƙa hannu kai tsaye. Da ya yi ihu da siririyar muryarsa, na tabbata da ban tsaya ba, don na saba da ita. Bai yi ihu ba. Ji na yi an ce, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, "Tsaya. Kada ki motsa."

Na ƙame a wurin. Iskar fiffiken tana bugun yatsuna, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ya zare wayar daga bango, fankar ta yi ta juyawa har ta tsaya, ni ban motsa ba. Sai da ya durƙusa ya kama kafaɗata sannan muka ga fitsari yana bin ƙafata har cikin takalmi. Ya ce, "Uwata, ni ne. Ni ne fa." Ya rungume ni. Ni kuwa abin da ke raina shi ne, yau Asabar ce, ba Laraba ba, kuma mutumin ya fito ba tare da an buɗe masa ba.

Da wannan hannun nake rubutun nan, yatsuna biyar cif, kuma muryar da na tsana ce ta bar min su. Na san haka tun a ranar. Sanin bai hana ni ƙin cin abinci in yana falo ba, bai hana ni zabura in ya shigo ba.

Litinin ɗin da ta biyo baya ba su shiga ɗaki da Mama ba. Ya je wurin mai shirya wasan ya ce a kashe Mai Makullai, ko mota ta buge shi ko ciwo ya kama shi. Mutumin ya ce, "Ka haukace? Shi ne wasan gaba ɗaya!" Baba ya ajiye masa takardunsa a kan tebur ya fito. Suka sa wani, mutane suka ce wannan ba shi ba ne, wasan bai ƙara wata uku ba ya mutu. Mama ta yi fushi da shi sosai, ta ce, "Abu ɗaya da duniya ta san ka da shi, ka yar saboda shirmen yarinya? Za ta girma ta manta." Ya ce gyaran fanka ma sana'a ce.

Na girma, ban manta ba. Abin ya dai canza kama. Na daina gudu, na koyi dabara. Ba na zama da shi mu biyu a ɗaki. In zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake tsayawa, in kuma hira ta kama sai na jawo Mama ko Yaya ciki. Shi ma ya koyi tasa dabarar. Kafin ya shigo inda nake sai ya yi fito ko ya ja takalmi, don kada ya ba ni tsoro. In zai yi min magana sai ya ƙara sirantar da muryar da ma can siririya ce, har Yaya ya ce wata rana sai mun nemi Baba mun rasa, sauro ya tafi da shi. Kowa ya yi dariya, har da shi.

Na zama malamar firamare. Ni ce mai tsayawa gaban yara in karanta musu labarin dodo, in na ga ido ya raina fata in ce, "Kai, ku kwantar da hankalinku, labari ne kawai." Na auri tela, mutum mai haƙuri, shagonsa a jikin gidanmu. Duk ƙarshen wata nake kai wa iyayena ziyara, kuma ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Sau da yawa kuma in na je sai Baba ya ba ni fanka. Ya ce wannan ta fi waccan shiru, wannan ba ta cin wuta. Sai da muka tara bakwai a gida mai ɗaki uku, maigidana yana cewa in aka kunna su gaba ɗaya gidan tashi zai yi. Ban san me zan ce wa Baba ba, shi ma bai san me zai ce min ba, sai ya miƙo fanka in ce na gode.

Mama ta ga komai. Ana saura 'yan makonni ta rasu ta kama hannuna ta ce, "Ke, ki daina sa ni a tsakaninku. Ni ba katanga ba ce, kuma ba dawwama zan yi ba." Na ce to. Bayan rasuwarta sai na koma tafiya da maigidana.

Shekara uku bayan haka muryar Baba ta fara dushewa. Ya ce ƙurar shago ce, ya yi ta shan ruwan ɗumi. Da aka matsa masa ya je asibiti, aka ce wani tsiro ne a maƙogwaro, sai an yi aiki. Yaya yana can wani gari mai nisa da iyalinsa, don haka ni ce a kansa. Aka yi aikin, aka ce kada ya yi magana sai bayan kwana goma. Likitan ya ja ni gefe ya ce muryar za ta dawo, amma ba irin ta da ba, don an yanke wani sashe. Na ce ba komai, in dai da rai. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Ranar kwana na goma sha ɗaya, da safe, na shigo ɗakinsa na asibiti da kofin shayi. Maigidana ya tsaya a waje yana amsa waya. Baba yana zaune an jingina masa filo, wuyansa naɗe da bandeji, ya rame har ya koma kamar yaro. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ashe ya ƙi yi wa kowa magana, har likita, wai ni zai fara kira. Ya buɗe baki ya ce, "Uwata."

Muryar ce. Ƙasa-ƙasa, a shaƙe, a hankali, ba abin da ya ragu a cikinta.

Ban san lokacin da kofin ya faɗi ba. Na dai tsinci kaina a bakin ƙofa, bayana a jikin bango, hannuna a kan mariƙin ƙofar. Mace mai shekara talatin da tara, mai 'ya'ya uku. Baba ya dubi fuskata, ya dubi hannuna, ya dubi shayin da ke malala a ƙasa. Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Sai ya yi murmushi, ya ɗaga hannu yana min alamar ba komai, ya nuna min inda tsumma yake.

Na kawo shi gidana, muka ba shi ɗakin da ke jikin shagon maigidana. Wata biyar ya yi a wurinmu, kuma bai ƙara ce min uffan ba. Ya sa aka ba shi cokali yana buga ƙarfen gado. Bugu ɗaya ruwa yake so, biyu a taimaka masa ya tashi. In ya buga uku kuwa ba abin da yake so, in na leƙo sai ya ɗaga min hannu kawai. Abin da cokali bai iya faɗa ba sai ya rubuta a ɗan littafi, in yi ta juya shi ina ƙoƙarin ganewa.

Ba wai ba ya iya magana ba ne. Da kowa yana yi. Yana yi da yara, su kuwa daɗi suke ji, suna cewa Kaka ya haɗiyi kwaɗo. In na dawo daga makaranta ina jiyo shi ta taga yana hira da maigidana a kan ƙarar keken ɗinki. Da zarar ya ji takuna a tsakar gida sai ya tsaya, ko da a tsakiyar kalma ne. Ban taɓa jin ciwo irin na shirun nan ba, kuma ni na jawo shi.

Sau ɗaya na yi ƙoƙari. Na shiga na zauna a bakin gadonsa, mu biyu, abin da rabona da yi tun ina 'yar shekara tara. Na ce, "Baba, don girman Allah ka yi min magana. Ko me ka ga dama ka ce. Na san kai ne."

Ya dube ni. Har ya ja numfashi, na ga bandejin ya motsa. Sai idonsa ya sauka a kan hannuwana, na bi idon nasa, na ga ashe na damƙe zanina har jijiyoyi sun fito. Ya saki numfashin, ya jawo littafinsa ya rubuta, "Ba yau ba." Ya shafa kaina ya nuna min ƙofa da fara'a. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: da na fito, sanyi na ji a raina, kamar an ɗaga min jarrabawa. Na ce wa kaina akwai lokaci, in ya ƙara samun sauƙi ma sake gwadawa.

Ciwon ya dawo ta wani wurin. Ya rasu wata Talata da hantsi, ina aji ina koya wa yara jam'i da tilo. Maigidana ne a kansa.

Bayan kwanaki, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ina ɗakin ina naɗe kayansa da rana, maigidana ya shigo ya tsaya yana murza tef ɗin awo a hannu. Ya ce akwai maganar da Baba ya hana shi gaya min, amma ya kasa riƙe ta.

Ya ce kullum in na tafi makaranta, yara ma sun tafi, Baba yakan kira shi ya ce ya kashe keken ɗinki ya zo ya saurara. Sai ya gyara zama, ya sha ruwa, ya yi ta gwada kalma ɗaya. Ya ɗaga haɓa ya gwada, ya matse wuya da yatsa ya gwada, ya gwada ta hanci, har tari ya sarƙe shi, wani lokaci har da jini. So yake ya samo tsohuwar muryarsa, ko da ta kalma ɗayan nan ce, ya kira ni da ita.

Na ce, "Wace kalma?" alhali na sani.

Ya ce, "Sunan da yake kiranki. In ya faɗa sai ya tambaye ni, ta yi laushi? Za ta iya ji ba ta firgita ba? Ni kuma sai in ce masa saura kaɗan, Baba. Wallahi don in ƙarfafa masa gwiwa nake faɗa. Na ɗauka in na ce ta yi, ya kira ki, kika zabura, abin zai kashe shi."

Na ce, "Tana yin laushin?"

Ya girgiza kai. "Ko kaɗan. Yadda take ranar farko haka take har ƙarshe."

Na zauna a kan gadon. Ya ce ranar Talatar ma sun gwada, wajen ƙarfe tara, muryar da ƙyar take fita. Baba ya faɗa sau uku, ya tambaye shi kamar kullum, shi kuma ya ba shi amsar kullum.

Na ce, "Sai ya ce me?"

Maigidana ya share ido da bayan hannu. Ya ce, "Cewa ya yi, to, kada ka gaya mata tukuna. Gobe ma sake gwadawa."